Gurbin Benvinda

Shekara ashirin da shida ina gadin ɗaki na bakwai,
ni a kujerar kusurwa, ita a bango,
ko sau ɗaya ba mu saɓa ba.

Benvinda sunanta, mai ɗinkin koma.
Allura a dama, zare tsakanin haƙora,
idonta ba a kanka yake ba, can bayanka yake,
kamar mai jiran kwalekwalen da ya makara.

Masana sun ce Inácio Valadim ya zana ta
a bakin kogin Tejo, shekara ɗari uku baya,
ba don so ba, don bashi:
kuɗin kifin wata huɗu take bin sa.
Ya biya da fenti. Ta karɓa tana tsaki,
ta toshe tagar da ke shigo mata da sanyi.

Daga taga sai falon wani attajirin gishiri,
daga falo caca ta cinye ta a dare guda.
Ƙasa ta girgiza, unguwa ta zube,
aka tono ta cikin toka, ko ƙwarzane babu.
Da sojojin mamaya suka shigo gari
an naɗe ta a cikin katifa,
wata tsohuwa ta kwanta a kai tana tarin ƙarya
har suka fice, hannu a hanci.
Duk wannan ta tsallake.
Sai ni.

Litinin ce, ranar da ba ma buɗewa.
Ruwa tun asuba. Ga mutum biyu cikin rigar aiki,
tsani a kafaɗa, takarda da hatimi,
wai rufi na yoyo.
Ni na riƙe musu ƙofa.
Ƙaramin har ya ga ina ɗingishi,
ya ce in riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi.
Na ce ɗan kirki, na sauka dafa musu gahawa.

Minti tara.
Na ƙirga, 'yan sanda ma sun ƙirga.
Na hawo da kofi uku a faranti,
na tarar da ƙusa huɗu a bango.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.
To, ni ne tsagar.

Kashegari Lisbon ta tashi da sunanta a baki.
Wadda a da ake wuce ta ana tambayar banɗaki,
yau ga ta a jarida, ga ta a jikin jirgin ƙasa,
ga ta har a kwalin ashana.
Layi daga ƙofa zuwa dandalin tattabaru,
jama'a na biyan kuɗi
su kalli inda ba ta.

Rana ta koɗar da bangon ko'ina
ban da gurbinta:
kore shar, launin da ɗakin nan yake da shi
tun kakana yana rarrafe.

Wasu sun ce tana ƙetare, a akwatin ƙarfe.
Wasu sun ce tsoro ya sa an cinna mata wuta.
Ni ƙaramin nan nake tunani.
Ba ya iya sayarwa, ba ya iya nunawa,
ya saci abin da duniya ta haddace fuskarsa.
Wataƙila tana ƙarƙashin gadonsa,
yana kwance a kai yana tari,
na gaske wannan karon.

Dona Ermelinda ba ta kore ni ba.
Da ma ta kora; kunya ta fi sallama nauyi.
Kullum ƙarfe tara ina kan kujerata,
in ce wa bango ina kwana.

Jiya wata yarinya mai jar hula
ta dubi gurbin, ta dube ni,
ta ce, Baba, me kake gadi?
Na ce, wurin zamanta,
kada ta dawo ta tarar an zauna.

Da suka watse na je na tsaya a gurbin,
bayana a bango, daidai tsayin idonta,
don in ga abin da take kallo duk shekarun nan.

Ƙofa ce.